Wasan Shaihu Umar da darasin da Gwaggo ta koya mini

A makon jiya na yi muku alkawarin labarin wasan kwaikwayon da muka yi a jami'a a zangon da ya wuce. Yau zan cika alkawari. Sai dai ku gyara zama, domin labarin zai bi da mu ta Kano da Sahara, ya ratsa ta gidanmu a Sheme, ya leƙa Jidda, kafin ya dawo cikin ajinku.

Wasan da muka zaɓa

Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa takan shirya wasa sau ɗaya a shekara. Bana sai shawara ta tsaya a kan Shaihu Umar. Da yawanku kun san sunan littafin, wasu ma sun karanta shi a darasin Hausa. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, wanda daga baya ya zama firayim ministan Nijeriya na farko. Ya rubuta shi ne don shiga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934 tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A lokacin bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, kuma bai wuce shekara 21 a duniya ba. Wato kusan sa'ana ne. Duk sanda na tuna haka sai in ji kunyar cewa na yi ƙanƙanta da rubuta abin kirki.

Bayan kimanin shekara arba'in, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da labarin wasan da ake yi a kan dandamali, aka buga shi a 1975. Shi Lyndersay mutumin Trinidad ne, ɗaya daga cikin tsibiran da Turawa suka kai dubban bayi daga Afirka don noman rake, ya zo Nijeriya yana koyar da harkar wasan kwaikwayo. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da labarin fim da Hausa, shi Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na birnin Berlin da ke Jamus a 2018.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Shaihu Umar babban malami ne a garin Rauta kusa da Bauchi. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi. Mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, wanda 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri bayan an dawo daga harin kamun bayi, har aka kore shi daga gari. Cikin wannan ruɗani aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Daga wannan hannu zuwa wancan, ya tsinci kansa cikin bayi a Kano. Nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya zo sayen bayi, ya ɗauke shi ya riƙe shi kamar ɗansa, ya tafi da shi ƙasar Masar, ya sa shi makaranta har ya zama malami.

Ita kuwa mahaifiyarsa, da ta rasa ɗanta sai ta bazama nemansa. A Kano ta haɗu da wani mutum mai suna Ado, ya yi mata alkawarin zai kai ta inda ɗanta yake. Maimakon haka sai ya wuce da ita Murzuk, ta zama baiwa, daga baya aka sayar da ita ga wani mai suna Ahmad a Tarabulus, inda ta sha azaba. Bayan shekaru masu yawa Allah Ya haɗa ta da ɗanta a can, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta rufe ayarin su Umar, Abdulkarim ya mutu, Umar ya tsira ya iso ƙasar Hausa shi kaɗai.

Ranar rabon rawar da kowa zai taka

Ba mu da lokacin yin wasan gaba ɗaya, don haka muka ciro fitowa biyar muka rubuta su da kalmominmu. Ranar da za a raba wa kowa matsayinsa, wanda muka naɗa darakta ya tsaya a gaban aji ya ce, "Farare ku koma dama, ku ne Larabawa. Baƙaƙe ku koma hagu, ku ne bayi." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na tashi na koma hagu, domin ni baƙa ce sosai, irin wadda tun ina firamare ake tsokana da sunan tukunya. Aka ba ni matsayin mahaifiyar Umar. Na yi murna ƙwarai, don ita ce babbar rawar mata a wasan.

Da muka fara gwaji, fitowar sace yaro ba ta ba mu wahala ba. Mu da muka fito daga Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba mu buƙaci kowa ya kwatanta mana yadda uwa ke yi idan an ce an tafi da ɗanta ba. Kowa a cikinmu yana tuna watan Disamba na 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka cika ƙofar makaranta kusan mako guda kafin a sako yaran. Fitowar da ta gagare ni ita ce ta Tarabulus, inda uwar Umar ke aikin bauta a gidan Ahmad. Duk yadda na yi, sai darakta ya ce bai ji a jikinsa ba, in ƙara murya, in ƙara kuka.

"Ke, wa ya mutu?"

Da aka ba mu ɗan hutu na tafi gida Sheme da takardata a jaka. Wata rana bayan la'asar na shige ɗaki na rufe ƙofa na fara gwaji, ina rusa kuka ina dukan ƙirji. Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana tsakar gida tana tsince wake. Sai na ji ta ɗaga murya ta ce, "Ke, wa ya mutu?"

Na fito ina dariya na ce, "Gwaggo, wasa ne na makaranta." Na zauna na ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta ɗago kai daga faifai ba. Da na gama sai ta ce, "To 'yar nan, wannan kukan naki na 'yar gata ne. Wadda ke gidan mutane ba ta kuka da murya. Banɗaki take shiga ta kunna famfo don kada a ji, ta gama ta wanke fuska, ta fito ta ce na'am."

Jikina ya yi sanyi. Na san Gwaggo ta taɓa zuwa Saudiyya ta yi shekaru. Ina tuna ranar da ta dawo, mu yara muka ruga muna jiran dabino da zamzam, sai muka ga leda ɗaya ce a hannunta. Manya suka kore mu, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar a gidan. A wannan yammaci ne ta fara ba ni labarin. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta, amma ban da suna.

Bayan rasuwar mijinta, gonarsu da ke bakin daji ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, ga 'ya'ya huɗu. Wata mata a birni, irin waɗanda ake kira ejan, ta ce za ta biya mata komai ta tafi aikin gida, idan ta fara ɗaukar albashi ta biya a hankali. Da bizar umara aka tafi da ita. Suna sauka aka karɓe fasfonta da sunan za a adana mata. A gidan farko da aka kai ta, aiki yakan fara tun asuba, ba ya ƙarewa sai bayan tsakar dare. Watanni da yawa ba ta ga ko riyal ɗaya ba, duk yana tafiya wajen biyan bashin da kullum ƙaruwa yake yi. Yaran gidan ba su taɓa kiran sunanta ba, da wata kalma suke kiranta wadda daga baya ta gane ma'anarta baiwa. A gidan akwai wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Filifin. Aikinsu ɗaya, amma albashin waccan ya fi nata nesa ba kusa ba, tana da takardar yarjejeniya, tana da lambar ofishin jakadancin ƙasarta, kuma idan ta ce ta gaji akan ƙyale ta.

Gwaggo ta gudu daga wannan gida, Allah Ya haɗa ta da wata dattijuwa Balarabiya mai tsoron Allah. Kwano ɗaya suke ci, tare suke salla, tana biyanta a kan lokaci, har asibiti ta kai ta da ta yi rashin lafiya. Gwaggo ta ce har gobe ba ta salla ba ta yi wa matar nan addu'a ba. Amma da dattijuwar ta rasu, magada suka rufe gidan, Gwaggo ta tsinci kanta a titi ba fasfo ba takardar zama. Ba a jima ba aka kama ta, aka tsare ta tare da wasu mata masu yawa, aka sa su a jirgi zuwa Kano.

Sahara ɗaya, makoma biyu

A daren nan ban yi barci da wuri ba. Na sake buɗe littafin, sai na ga abin da ban gani ba duk karatun da na yi masa a baya. Umar da mahaifiyarsa jini ɗaya ne, launi ɗaya, gari ɗaya, kuma Sahara ɗaya suka ƙetare. Ɗaya ya zama liman, ɗaya ta mutu a wulaƙance. Ba don ya fi ta hankali ko jarumta ba ne, ita ce ma ta yi jarumtar fita neman ɗanta da ƙafarta. Abin da ya raba su shi ne gata. Shi ya faɗa hannun wanda ya ga dama ya tausaya masa, ita ta faɗa hannun wanda bai ga dama ba.

Amma ku lura da irin gatan. Abdulkarim mutumin kirki ne ga Umar, sai dai sana'arsa sayen mutane. Yaro ɗaya ya ɗaga, sauran da aka kora tare da shi cikin rairayi ba a ƙara jin labarinsu ba. Gatan Umar na aro ne, kamar yadda na Gwaggo a gidan dattijuwa ya kasance na aro. Ranar da mai gatan ya mutu, gatan ya bi shi kabari. Abu ɗaya ne ya rage wa Umar bayan guguwa ta lafa, shi ne karatun da ke kansa. Da shi ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa. Ita Gwaggo, da nata gatan aron ya ƙare, ba ta da takarda a hannu, ba ta da wata sana'a da wani zai nema, shi ya sa ta dawo da leda.

Tafawa Ɓalewa bai tsaya yana yi wa mai karatu wa'azi a kan bauta ba. Labari kawai ya shimfiɗa ya bar mu mu yi hukunci. Ku tuna kuma, a lokacin da littafin ya fito ba a ma gama soke bauta a dokar Arewacin Nijeriya ba, sai a 1936. Saudiyya kuwa sai a 1962. Ke nan wannan ba tarihin zamanin Fir'auna ba ne, a zamanin kakannin iyayenmu aka yi shi. Doka takan canza a rana ɗaya, amma kallon da wani ke yi wa baƙar fata yakan daɗe bai canza ba.

Hanyar ba ta rufe ba

Murzuk tana nan har yau a kudancin Libiya, kuma ta wannan yanki ne motocin da ke tasowa daga Agadas suke bi zuwa Sabha da Tarabulus. Raƙumi ne kawai ya koma mota. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, wanda ke maƙwabtaka da Daura. Hausawa ne kamar ni da ku. A watan Nuwamba na 2017 kuma gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyon da aka ɗauka a Libiya ana gwanjon samari baƙar fata, wasunsu a kan kuɗin da bai wuce dala 400 ba.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da wasu maƙwabtansu akwai tsarin da ake kira kafala. A ƙarƙashinsa, zaman ma'aikaci baƙo a ƙasa yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, wato kafili. Idan ka bar gidansa ba da izini ba, kai ne mai laifi a idon hukuma, ko da shi ya zalunce ka. Saudiyya ta sassauta wannan tsari a watan Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali nan ne matanmu suka fi yawa. Wanda kuma ya shiga da bizar umara ya zauna yana aiki, ba shi ma da kafilin da doka ta sani, balle ya kai ƙara.

Akwai kuma gatan fasfo. Mai fasfon Jamus ko Japan yana iya shiga ƙasashe fiye da 180 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Mai fasfon Nijeriya, ƙasashen da zai shiga haka ba su kai 50 ba. Ku duba har sunan da ake kira. Bature ya zo aiki Abuja ko Legas, sai a ce ƙwararre ne daga waje, a ba shi gida da mota da direba. Ɗanmu ya je ƙasarsu neman aiki, sai a ce baƙon haure, ko da takardunsa cikakku ne sai ya yi ta nuna su. Dukansu abinci suka fita nema.

Kada kuma ku ɗauka cewa ilimi yana goge wariya gaba ɗaya. Waɗanda suka karanta Second Class Citizen na Buchi Emecheta a darasin adabin Turanci sun ga yadda Adah, mai ilimi da aikin yi a ɗakin karatu a Landan, ta sha wahalar samun ɗakin haya saboda launin fatarta. Ilimi ba ya hana a raina ka. Abin da yake yi shi ne ya ba ka bakin magana da ƙafar tafiya, idan wuri ya ƙi ka, ka nemi wani.

Mu ma mu duba madubi

Da sauƙi mu karanta wannan mu ce Larabawa da Turawa ne miyagu. Amma wa ya kai hari ya kamo bayin da ke cikin labarin? Fadawan Kagara ne. A ina aka tara su aka yi cinikinsu? A Kano. Wa ya karɓi fasfon Gwaggo? Mace ce mai jin Hausa kamar ta, wadda ta kira ta 'yar'uwa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ku dubi gidajenmu. Yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu da aka ɗauko daga ƙauye aikatau, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta tana wanke kwanukansu, kuɗinta kuma yana tafiya hannun matar da ta kawo ta. Me ya raba ta da Gwaggo in ban da jirgin sama? Ku dubi yadda idan an ce wane zai yi aure, tambayar farko ita ce, "Fara ce?" Ku dubi 'yan mata nawa ke shafa man bilicin suna ɓata fatarsu, wasu har su jawo wa kansu ciwo, don an sa musu a rai cewa baƙi aibi ne. Ku dubi yadda har yau akan fasa aure saboda an binciko cewa kakan wani bawa ne. Sannan ku tuna da ni da abokaina, ɗaliban jami'a, muna dariya ranar da aka ce baƙaƙe su koma hagu.

Da na koma makaranta na tayar da maganar a wurin gwaji. Wani ya ce ai gaskiyar tarihi muke nunawa, Larabawa farare ne. Na ce akwai Larabawa baƙaƙe da yawa, kuma cikin waɗanda aka kama aka sayar akwai farare da baƙaƙe, domin mahari ba ya duba launi kafin ya ɗaure. Aka yi ta musu har magariba. A ƙarshe darakta, Allah Ya saka masa, ya yarda aka sake rabo. Wanda ya fi kowa baƙi a cikinmu ya zama Abdulkarim, wadda ta fi kowa haske ta shiga layin bayi. Ranar wasa ba wanda ya ruɗe a cikin 'yan kallo. Da ganin wanda ke zaune da wanda ke durƙushe, kowa ya san waye ubangida.

Ni kuma a fitowar Tarabulus ban yi ihu ba. Na juya wa 'yan kallo baya, na zuba ruwa daga buta cikin kwano a hankali, kafaɗuna suna rawa. Da aka kira ni daga ciki, na shafe fuska da gefen zane na juyo na ce na'am. Zauren ya yi tsit. Bayan an tashi wata ɗaliba da ban sani ba ta same ni a bayan labule ta riƙe hannuna, ta ce mahaifiyarta tana can shekara huɗu ke nan, kuma duk sanda suka yi waya sai ta ce lafiya lau take.

Kafin ka ɗauki jaka

Ba cewa nake kada kowa ya fita ba. Bahaushe matafiyi ne tun asali. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, sun tafi Makka a ƙasa suna yada zango a Sudan, har wasu suka zauna can. Yau ma akwai likitocinmu da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da malamai da ke aiki a Saudiyya da Ingila da sauran ƙasashe cikin mutunci, suna turo wa iyayensu abin alheri. Kuma na san abin da ke sa mutum ya tsaya a mararrabar Sheme yana kallon motocin Funtuwa da na Gusau yana jin kamar ya bi su kada ya dawo. Wanda gona ta gagare shi ba a yi masa dariya don ya nemi mafita.

Abin da nake roƙo shi ne, idan ranar ta zo gare ka, ko ga yayarka, ko ga mahaifiyarka, a yi tambayoyi kafin a ɗaga ƙafa. Wace irin biza ce, ta aiki ko ta ziyara? Bizar umara ta ibada ce, ba a aiki da ita. Ina takardar yarjejeniya, nawa ne albashi, awa nawa ne aiki, kuma wa ya karanta maka ita cikin harshen da kake ji? Shin wanda zai kai ka yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko kuwa lambar waya kawai gare shi? Wa zai riƙe fasfo? Amsa ɗaya ce, mai shi. Duk wanda ya ce zai biya maka komai ka biya daga baya, ba tare da an rubuta adadin bashin a gaban shaidu ba, to igiya yake saka maka a wuya. Idan kun ga alamar ana shirin safarar wani, ku gaya wa malaminku ko wani babba da kuka yarda da shi. Akwai hukumar NAPTIP da aka kafa tun 2003 don yaƙi da fataucin mutane, kuma wannan shi ne aikinta.

Ku kuma da ke aji yanzu, kuna da abin da Gwaggo ba ta samu ba, wato lokaci. Ku riƙe Turancinku da Larabcinku da lissafi da kyau, domin wanda ya iya karanta takarda da kansa ba a saka shi ya dangwala hannu a kan abin da bai sani ba. Ku haɗa da sana'ar hannu a lokacin hutu, ɗinki ko gyaran waya ko wayarin ko walda ko aikin kwamfuta. Wannan shi ne gatan da ba a karɓewa a filin jirgi.

Aikin wannan mako

Ina so ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kowace makaranta ta gwada wannan. Ba kwa buƙatar zaure ko fitila. Inuwar bishiya ta isa, da zanen gado biyu, da rawani, da buta, da igiya. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku yi da rana. Ku ɗauki fitowa uku: ranar da Ado ya yi wa uwar Umar alkawari a Kano, rayuwarta a gidan Ahmad, da ranar da ta haɗu da ɗanta. Ku rubuta maganganun da kanku. Daga nan ku ƙara fitowa ta huɗu wadda ba ta cikin littafi: a yau ne, a garinku, wata ejan ta shigo gida tana yi wa wata uwa alkawari, ku kuma 'ya'yan gidan kuna zaune kuna ji. Me za ku ce? Kada ku raba matsayi da launin fata, ku raba da iyawa. Idan an gama, ku ba 'yan kallo dama su yi magana, za ku yi mamakin yawan waɗanda ke da irin wannan labari a gidajensu.

Waɗanda suka yi, su rubuto wa wannan fili yadda ta kaya, zan zaɓi wasu mu buga. Na nuna wa Gwaggo bidiyon wasanmu a waya. Ta kalla har ƙarshe, ta miƙo mini wayar ta ce, "Yanzu kin iya. Amma zanen nan da kika ɗaura ya yi sabo da yawa."

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku gaida malamanku.